Wane Suna Za a Raɗa wa 'Ya'yan Kyanwar Riƙo?

Maman Ummi, Kano:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da wasu za su ga ƙarami ne, amma ni ya tsaya mini a rai. Akwai 'ya'yan kyanwa biyar a hannuna yanzu, waɗanda mota ta kaɗe uwarsu a bakin titin unguwarmu, aka tsince su a bayan buhuna cikin siton wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi. Idanunsu sun buɗe, sun kuma fara rarrafe, saboda haka ina kyautata zaton sun kai mako uku. Niyyata ita ce in raine su har su iya cin abinci da kansu, sannan in raba su ga gidajen da na amince za su kula da su, domin muna da babbar kyanwa a gida tun da daɗewa. Ɗaya baƙa ce wuluk, ɗaya ruwan goro ne mai zane-zane, biyu ruwan toka ne masu kama da juna ƙwarai, ta biyar kuma tana da launi uku, fari da baƙi da ja. Abin da nake so shi ne sunaye biyar 'yan dangi ɗaya, yadda duk wanda ya ji su zai gane cewa ciki ɗaya suka fito. Yarana sun kawo sunayen 'yan ƙwallo da na jaruman fina-finai, amma raina bai kwanta da su ba.

Sadiya, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Anti, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan jinƙai. A ganina sunayen ranaku sun fi komai sauƙi, tunda guda bakwai ne kuma kowa ya san su: Ladi, Altine, Talatu, Laraba, Lami, Jummai da Asabe, idan kuma an samu namiji a cikinsu sai a ce Ɗanladi ko Ɗanlami ko Ɗanjuma. Ko a karin magana ma an daɗe da haɗa kyanwa da irin wannan suna, inda ake cewa kyanwar Lami ba ta cizo ba ta yaƙushi.

Hajiya Kulu, Sakkwato:
'Yata Sadiya, shawararki tana da daɗin ji, amma ki dubi inda waɗannan dabbobi za su ƙare. Maman Ummi ta ce raba su za ta yi, kuma ba ta san gidajen da za su shiga ba tukuna. A ce an kai wadda ake kira Asabe gidan da sunan surukar matar gidan ke nan, yaya za ta buɗe baki ta kira ta? Mu da muka tashi ba mu faɗin sunan miji, ba mu faɗin na ɗan fari, ballantana na uwar miji, mun san nauyin wannan abu. Ko babu alkunya ma, idan maƙwabciyarki Jummai ta ji kina ɗaga murya kina cewa Jummai ta sake ɓarna a ɗakin girki, ba za ki iya gamsar da ita cewa ba habaici kike yi mata ba. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Kyanwar Lami kuwa, ai kyanwar ta Lami ce, ba ita ce Lamin ba. Ni dai ra'ayina shi ne a nisanci duk sunan da ake raɗa wa ɗan Adam, na yanka ne ko na rana ko laƙabi, kuma wannan ya haɗa da na 'yan ƙwallon da yara suka kawo, domin su ma 'ya'yan wasu ne.

Baba Lawal, Gusau:
Ku yi mini haƙuri, amma ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Tun muna yara akwai kyanwa a kowane gida saboda ɓera, kuma ban taɓa jin an yi mata suna ba. Mage ce, ko kuliya, namijin kuma muzuru, idan za a ba ta abinci a ce mus-mus ta taho da gudu. Wannan raɗa suna ina ganin ɗabi'a ce da muka kwaso daga waje. Abin da marayun nan suke bukata shi ne madara da ɗumi.

Dakta Hauwa, likitar dabbobi, Zariya:
Baba, gaskiya ne madara da ɗumi su ne gaba da komai, kuma zan fara da su kafin in zo kan suna. Maman Ummi, kada ki ba su madarar shanu ko madarar gari ta shayi, domin tana sa su gudawa, gudawa kuwa tana kashe ɗan kyanwa mai mako uku cikin ɗan lokaci. Ki nemi madarar da aka haɗa musamman domin 'ya'yan kyanwa a shagon magungunan dabbobi, ki riƙa ba su da ƙaramar kwalba ko sirinji mara allura, suna kwance a kan cikinsu. Ki sa musu gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a gefe ɗaya na kwalin, saboda a wannan shekaru jikinsu bai gama iya riƙe zafinsa da kansa ba.

To amma a nan ne sunan yake shigowa, kuma dalilin na lafiya ne tsantsa. Ana haifar ɗan kyanwa da nauyin kusan giram 100, kuma idan yana lafiya yakan ƙaru da giram 10 zuwa 15 a kowace rana. Alamar farko da ke nuna cewa wani abu ya samu ɗaya daga cikinsu ita ce nauyinsa ya tsaya ko ya ragu, kuma wannan yakan bayyana a sikeli kafin ido ya gani. Mai riƙo tana bukatar littafi da za ta rubuta nauyin kowane ɗaya kullum, da yawan madarar da ya sha, da ranar da aka ba shi maganin tsutsar ciki. Idan uwarsu tana raye, ita ke wannan lissafi da hancinta da harshenta, shi ya sa magabatanmu ba su bukaci suna ba. Yanzu da babu ita, ga kuma biyu masu kama ɗaya, abu ne mai sauƙi a ba ɗaya magani sau biyu a bar ɗayan bai samu ba, musamman idan mutum fiye da ɗaya ke kula da su a gidan. Na sha ganin haka a wurin aiki. Saboda haka ina goyon bayan suna, kuma ina ba da shawarar a rage ɗan gashi da almakashi a gindin wutsiyar ɗaya daga cikin masu ruwan tokar, domin a san wane ne wane. Kada a ɗaura musu zare a wuya, yana iya shaƙe su.

Malam Habu, Zariya:
Baba Lawal, Allah ya ƙara girma. Ina so in yi ɗan gyara a kan cewa sa wa dabba suna baƙon abu ne a wurinmu. Dabbobin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna da sunaye sanannu a littattafan hadisi da tarihi. Akwai taguwarsa Ƙaswa'u, akwai Adba'u, akwai alfadararsa Duldul, akwai kuma jakin da ake kira Ufairu, wanda ya zo a hadisin Mu'azu ɗan Jabal a cikin Bukhari. Ufairu ya samu sunansa ne daga launinsa na ƙasa-ƙasa, wanda ke nuna cewa kiran dabba da kamanninta hanya ce tsohuwa. Game da kyanwa kuwa, Abu Huraira ya samu wannan alkunya ne saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, kuma hadisin matar da ta shiga wuta domin ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya yi akasin abin da matar nan ta yi, muna yi masa fatan lada mai yawa.

Iyakar da zan ja ita ce wadda Hajiya ta riga ta fara ja, sai dai zan ƙara mata ƙarfi: kada a kusanci sunayen Allah, ko na annabawa, ko na sahabbai da matan Annabi, ko kalmomin zikiri. Dabba ce da wata rana za a kore ta daga kan tabarma da tsawa, kuma bai dace a haɗa waɗannan sunaye da tsawa ba.

Sadiya, Kaduna:
Na karɓi gyaran Hajiya da na Malam. Malam, ina yawan ganin ana rubuta cewa Annabi yana da kyanwa mai suna Mu'izza, har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta daga barci. Shin ba za a sa wa ɗaya wannan suna ba?

Malam Habu, Zariya:
Malama Sadiya, wannan labari ya yaɗu sosai a intanet, amma ba ya cikin sanannun littattafan hadisi, saboda haka bai kamata a jingina shi ga Annabi ba. Abin da ya tabbata game da kyanwa ya ishe mu, kamar hadisin Abu Ƙatada da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu.

Alhaji Mamman, Katsina:
Tunda Malam ya ambaci launi, bari in kawo abin da na sani, domin na tashi a gidan da ake kiwon dawaki. Bahaushe bai taɓa rasa sunan da zai kira dokinsa ba, kuma yawancinsu daga launi ne. Baƙin doki shi ne akawal, fari kuma kili, mai dabbare-dabbaren fari da wani launi shi ne danda, akwai hurde mai ɗigo-ɗigon toka, akwai bidi, akwai gunya, akwai bikili mai ja-ja. Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah kusa da dattawa zai ji suna nuna dawaki da waɗannan sunaye. Idan aka bi wannan, baƙar ta zama Akawal, mai launi uku Danda, ruwan goron Bikili, masu ruwan toka kuma Hurde da Bidi. Ina son wannan tsari domin yaran yanzu da yawa ba su san kalmomin ba, kuma yaron da ya yi wata biyu yana kiran Akawal ba zai manta ma'anarta ba har ya tsufa. Mafarauta ma suna sa wa karnukansu suna, sai dai nasu yakan zama gugar zana ga abokan hamayya, wanda ba shi muke nema a nan ba.

Dakta Hauwa, likitar dabbobi, Zariya:
Alhaji, wannan jeri ya burge ni, kuma ya dace da launukan kamar an auna. Abin da zan ƙara shi ne a yi hattara da sunan da ya karkata ga namiji ko mace, domin a mako uku ko wanda ya saba yakan yi kuskure wajen bambance su. Launi yana ɗan taimakawa. Mai launi uku kusan kullum mace ce, saboda gadon launin ja da na baƙi yana tafiya ne a kan ƙwayar halittar da mace ke da guda biyu, namiji kuma guda ɗaya. Mai ruwan goro kuma galibi namiji ne, kusan huɗu cikin biyar. Baƙar da masu ruwan tokar sai an duba su da kyau. Haka nan kada a sa suna saboda shuɗin ido, domin duk 'ya'yan kyanwa da shuɗin ido suke farawa, sai wajen mako shida zuwa bakwai launin gaskiya yake fara fitowa.

Malam Nasiru, Kano:
Ni malamin makaranta ne, don haka hankalina ya tafi inda na Alhaji ya tafi, wato jigon da zai koya wa yara wani abu. Maman Ummi tana Kano, ga ƙofofin gari nan fiye da goma: Kabuga, Waika, Mazugal, Na'isa, Famfo, Dukawuya, Kansakali, Gadon Ƙaya, Dawanau da sauransu. Ga kuma duwatsu, Dala da Gwauron Dutse da Magwan da Fanisau. Amfanin jigo mai yalwa shi ne wanda ya fara riƙon marayun dabbobi ba ya tsayawa a karo ɗaya, domin da zarar unguwa ta san shi, duk wanda ya tsinci wasu ƙofarsa zai nufa. Idan kowane ciki yana da nasa jigon, bayan shekara biyu za ki iya cewa 'yan ƙofofi su ne na lokacin sanyi, 'yan dawaki kuma na damina, kuma idan wanda ya karɓi ɗaya ya dawo da tambaya a kan rigakafinta, sunan kaɗai zai kai ki shafin da kika rubuta. Sai dai na yarda cewa Kansakali da Dukawuya sun yi tsawo ga abin da bai cika tafin hannu ba.

Hajiya Kulu, Sakkwato:
Malam Nasiru ya kawo magana mai amfani game da ware wa kowane ciki jigonsa. Nawa zaɓin shi ne kayan gara da kayan zaƙi: Alkaki, Nakiya, Dubulan, Gireba, Dakuwa, Iloka, Gullisuwa, Kantu. Babu wanda zai ji an ce ga Nakiya nan bai yi murmushi ba, kuma babu wanda zai ce da shi ake. Akwai kuma kayan ƙamshi, Kanumfari da Citta da Masoro da Kimba, ga wanda yake son suna mai ɗan kaifi.

Maman Ummi, Kano:
Na gode ƙwarai, kuma na fara aiki da maganar Dakta, na samo littafi da sikelin awon fulawa. Akwai wani abu da ban faɗa ba da farko, wanda shi ne ainihin damuwata. Mutane sun riga sun fara nuna sha'awa, har mai launi ukun mutum biyu ke nemanta, amma baƙar babu wanda ya tambaya. Wata baƙuwa da ta leƙa kwalin ta ja da baya tana neman tsari, ta ce in fitar da ita daga gidan tun kafin dare, wai baƙar kyanwa ba ta rasa alaƙa da iska ko mayu. Yaran unguwa kuma sun fara kiranta Dodo, har nawa sun ɗauka. Ita ce kuwa ta fi kowa lafiya da son mutane, ita ke fara hawowa hannu idan an zo ba su madara. Ina tsoron kada sauran su tafi a bar ta, ko kuma wanda ya karɓe ta ya jefar da ita ranar da wani abu ya same shi a gida.

Malam Habu, Zariya:
Wannan shi ne wurin da ya kamata mu fi tsayawa. Hadisin da na ambata na cewa kyanwa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu bai ware launi ba, kuma ɗaukar cewa ganin wata halitta ko zamanta a gida shi ke jawo musiba yana cikin camfin da Musulunci ya hana. Baƙar kyanwa tana jin yunwa kamar fara, kuma alhakinta yana kan wanda ya wulaƙanta ta kamar yadda na farar yake. Game da suna, Annabi yana son kyakkyawan fata, kuma ya canza munanan sunaye zuwa kyawawa, kamar yadda ya mayar da sunan wata mace, wanda ke nufin mai saɓo, zuwa Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A kan mutane aka yi wannan, amma hikimar a fili take: abin da kunne ya saba ji shi zuciya take ginawa a kai. Idan aka bar Dodo ya bi wannan dabba, an taimaka wa camfin ke nan, kuma yaron da ke jifan Dodo ba ya jin ya yi laifi. Maman Ummi, ki hana wannan suna tun yau, ki fara zaɓa wa baƙar nata, sannan ki nemo wa sauran abin da ya dace da shi. A nisanci irin su Duhu da Dare da Gawayi, duk da cewa ba zagi ba ne, domin ba za su taimake ta ba a idon mai tsoro.

Isuhu, Maraɗi:
Idan daga baƙar za a fara, to ina da jigon da nake ganin ya fi kowane dacewa, wato 'ya'yan itatuwan dajinmu. Ɗinya idan ta nuna baƙa ce sil, tana sheƙi, ga zaƙi, kuma babu yaron da ya tashi a ƙasar Hausa, ko ta wannan gefen iyaka ko ta wancan, da yake tsoron ɗinya. Wanda aka ce masa ga Ɗinya, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ƙuruciya da tallan da ake yi a ƙofar makaranta. Mai ruwan goron kuma Goriba, domin launin ɓawonta ke nan. Sauran suna da yawa: Magarya, Kurna, Kanya, Aduwa, Taura, Gawasa, Tsamiya, Giginya, Ɗorawa. Sunaye ne da ba a raɗa wa mutane, ba su taɓa addini ba, ba su nuna namiji ko mace ƙarara, kuma sun isa ciki biyu ko uku. Kuka kaɗai zan cire, saboda ba ma yi wa maraya fatan abin da sunan ke tunasarwa.

Alhaji Mamman, Katsina:
Na janye Akawal saboda Ɗinya. Akawal suna ne na ƙasaita, ya fi dacewa da babban muzuru, amma wannan 'yar tana bukatar sunan da zai sa a tausaya mata. A ajiye na dawakin sai wani karon.

Dakta Hauwa, likitar dabbobi, Zariya:
Ni ma ina tare da Malam Isuhu, sai dai a tace jerin da kunne. Kyanwa tana gane sunanta da gaske. A shekarar 2019 wata mai bincike a Japan, Atsuko Saito ta Jami'ar Sophia da ke Tokyo, ta wallafa sakamakon gwajin da ita da abokan aikinta suka yi, inda suka riƙa kunna wa kyanwoyi muryar da ke faɗin kalmomi masu tsawo ɗaya da sunansu, sannan a ƙarshe a faɗi sunan. Kyanwoyin sukan daina kula da kalmomin bayan an faɗi kaɗan, amma da an ambaci sunan sai su motsa kunne ko su juyo da kai. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne kyanwoyin da ke zaune da yawa a shagon shan shayi, inda baƙi ke kiran sunaye barkatai, ba su bambance nasu sunan da na abokan zamansu ba, alhali na gidaje sun bambance.

Darasi biyu ke nan. Na farko, a zaɓi gajerun sunaye masu amo daban-daban. Kanya da Kurna sun yi kusa da juna, Kanya ma ta yi kusa da kalmar kyanwa da ake faɗi kullum a gidan, saboda haka a ɗauki ɗaya ko a bar su duka. Masu kama da junan nan biyu su ne suka fi bukatar sunaye masu nisa da juna. Na biyu, a riƙa kiran kowane ɗaya da sunansa lokacin da yake hannu yana shan madara, shi kaɗai, kada a tsaya a bakin kwali a jero sunayen gaba ɗaya. Tsakanin mako biyu zuwa bakwai ne ɗan kyanwa yake sabawa da mutane, kuma wanda aka riƙa ɗauka ana yi masa magana a wannan lokaci shi ke zama mai natsuwa a gidan da zai je.

Tunda an ambaci kayan ƙamshi da kayan zaƙi, ina roƙon a ja kunnen yara cewa suna ne kawai. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, farasitamol kuma ko ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta.

Baba Lawal, Gusau:
Dakta da Malam sun gamsar da ni a kan littafin awo da kuma baƙar, kuma na ji daɗin Ɗinya. Amma akwai abin da har yanzu ban ji an amsa ba. Abin da ka sa wa suna ya shiga ranka. Yaran Maman Ummi za su yi wata biyu suna kiran waɗannan sunaye safe da yamma, sannan wata rana a zo da kwali a tafi da su ɗaya bayan ɗaya. Shin ba a ɗora wa yaran baƙin cikin da za a iya kauce masa ba?

Hajiya Kulu, Sakkwato:
Malam Lawal, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce yaran ba za su yi kuka ba. Amma mu ne mutanen da suka san riƙo. Na riƙi 'yar ƙanwata tun daga yaye har aure, na san tun ranar farko cewa ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma sanin hakan bai sa na rage mata komai ba. Abin da ke sauƙaƙa rabuwa shi ne a faɗa wa yara gaskiya tun yanzu, cewa amana ce aka ba su zuwa wani lokaci, a kuma sa su cikin neman gidajen kirki. Jigon ma yana taimakawa a nan, domin yaro yana gane cewa waɗannan 'yan itatuwa ne, ƙungiya ce da ta zo tare za ta kuma tafi, ba kamar babbar kyanwar gidan da ke da nata matsayi ba. Idan gidajen suna kusa, yaron zai iya tambayar lafiyar Goriba da sunanta a ba shi amsa, wanda ya fi masa sauƙi a kan a ce wata daga cikinsu tana can wani wuri.

Maman Ummi, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da yaran mun karanta shawarwarinku tare, kuma mun tsaya a kan 'ya'yan itatuwa. Baƙar ita ce Ɗinya, mai ruwan goro Goriba, mai launi uku Magarya, masu ruwan toka kuma Taura da Aduwa, Taura ce aka rage wa gashi a gindin wutsiya. Na rubuta na dawaki da na ƙofofi da na kayan gara a bayan littafin, kamar yadda Malam Nasiru ya nuna. Babban ɗana ya ɗauki alkawarin gyara wa yaran unguwa duk lokacin da suka ce Dodo.

Sadiya, Kaduna:
Anti, na yi magana da mahaifiyata, kuma ta amince mu karɓi Ɗinya idan ba a riga an yi wa wani alkawarinta ba. Yayana yana zuwa Kano a kai a kai, zai iya taho mana da ita. Dakta, yaushe ne ya dace a ɗauke ta, kuma idan wanda ya karɓi ɗaya daga cikinsu yana son canza suna, hakan zai rikita ta? Mu dai ba za mu canza ba, amma ina tambaya saboda sauran.

Dakta Hauwa, likitar dabbobi, Zariya:
Malama Sadiya, kada a raba ta da 'yan'uwanta kafin mako takwas, idan ma za a iya haƙuri har mako goma sha biyu ya fi, domin a wasan da suke yi da juna ne suke koyon sassauta cizo da yaƙushi. Za su fara lasar abinci mai laushi wajen mako huɗu, su gama yaye wajen mako takwas. Allurar rigakafi ta farko ana yin ta tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu, ta ciwon haukan kare kuma daga mako goma sha biyu. Maman Ummi ta kwafe shafin kowace ɗaya daga littafin ta haɗa wa wanda ya karɓa, da sunan riƙon a samansa, domin likitan da zai ci gaba da dubawa ya san abin da aka riga aka yi.

Canza suna ba ya cutar da su, musamman a wannan ƙuruciya. Mai son canzawa ya riƙa haɗa sabon da tsohon lokacin ba da abinci na mako ɗaya ko biyu, sannan ya bar tsohon a hankali. A ranar tafiya kuma yayanki ya sa ta cikin kwali mai ramukan iska, da tsumman da ta saba kwanciya a kai, ya ajiye ta a cikin mota inda iska ke shiga, kada a sa ta a but, kuma ya fi kyau ya taso da sassafe kafin rana ta yi zafi.